Ruwan leda nawa zan sha? Amsa ga mai waakye ta Aboabo

Saƙon wannan makon daga unguwar Aboabo ta Kumasi ya zo, daga wata mai sayar da waakye, wato dafaffiyar shinkafa da wake. 'Yar mai saƙon ce ta rubuta mata a waya, ni kuma na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 54, ina sayar da waakye a Aboabo. Bara ƙafafuna suka kumbura, ina haki, gabana yana ta faɗuwa. A asibiti aka ce bugun zuciyata ba ya tafiya daidai, aka ɗora ni a kan warfarin, bisoprolol, lisinopril da furosemide. Tun daga nan kowa ya zama likitana. Maƙwabciyata ta ce in daina cin ganye kwata-kwata. Ƙanwar maigidana ta ce in riƙa shan ruwan kwakwa biyu kullum. Ɗana ya gani a waya wai in sha ruwa lita 4. Ni kuwa gaskiya ko leda biyu ba na sha kafin azahar saboda maganin fitsarin nan, ba ni da mai tsare mini tukunya in zagaya, wani lokaci ma tsallake shi nake yi. Zuciyar ta fi dukan uku-uku da hantsi in ina bakin wuta. Ga azumi yana tafe. Me zan ci, me zan sha?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne.

Sau biyu na karanta saƙonki, kuma inda na fi daɗewa shi ne wurin da kika faɗa a gurguje kamar mai jin nauyi: ba kya shan ruwa, kina tsallake magani, don babu mai riƙe miki ludayi ki je bayan gida. Babu abin kunya a nan. A shekarun da na yi ina aikin jinya na ji wannan maganar daga bakin matan kasuwar Kejetia, na ji ta daga direbobin tirotiro, har daga malaman makaranta. Amma a duk abin da kika lissafo shi ya fi kusa da kwantar da ke, don haka da shi za mu fara. Ganye da kwakwa su ɗan jira.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma wata 'yar wutar lantarki ce ke ba su umarnin matsawa bi da bi, sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana zaune. Irin magungunan da aka ba ki na masu ciwon da ake rubutawa AF a katin asibiti ne. A wannan ciwon ɗakunan sama sun daina matsawa sosai, karkarwa kawai suke yi, na ƙasa kuma suna bugawa yadda ta zo musu, kamar makaɗin da kalangu ya suɓuce wa. Jinin da ya daɗe a ɗakin da ke karkarwa yakan yi gudaji, gudajin kuma in ya ɓalle ya nufi ƙwaƙwalwa sai shanyewar ɓarin jiki. Mai AF ya fi wanda ba shi da shi shiga wannan haɗarin kusan sau biyar. Dalilin warfarin ke nan, maganin tsinka jini ne don kada ya yi gudaji. Ita kuwa wutar lantarkin da gishirin cikin jini take aiki, musamman fotashiyam da magniziyam da sodiyam. In suka yi ƙasa ko suka yi sama, kiɗan ya ƙara rikicewa.

To ki dubi safiyarki. Kin tashi ƙarfe 3 na dare, kin hura wuta, kin ɗora wake da karan dafi. Kafin kiran asalatu zufa ta jiƙa miki ɗankwali. Kin haɗiyi furosemide, wato maganin fitsarin, da kurɓin ruwa ɗaya. Maganin nan cikin awa guda yake fara aiki, ya yi kamar awa 6 yana tatsar ruwa ta ƙoda, kuma tare da ruwan yana kwashe fotashiyam da magniziyam. Ƙarfe 10 ta yi, layi ya kai bakin titi, wannan ya ce a ƙara masa wele, wancan taliya da gari, ke kuwa leɓenki ya bushe, kina ganin yarinyar mai ruwan leda tana wucewa kina kawar da kai. Ruwan jiki ya ragu, jini ya yi kaɗan a jijiya, zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓin. Dukan uku-ukun hantsin da kike ji ke nan. Ranar da kika tsallake maganin kuma ruwan ya koma inda ya taru bara, ƙafa da huhu. Kin ga gaba kura, baya siyaki.

Mafitar tana da sauƙi fiye da yadda kike zato. Furosemide ba warfarin ba ne da ake son a riƙa shan sa a lokaci guda cif. Likita zai iya matsar miki da shi. Kasuwar waakye kafin azahar take watsewa, to ki ce masa: "Likita, da safe ina bakin tukunya, zan iya shan wannan in na koma gida da rana?" Da yawa sukan amince, muddin ba a kai shi bayan la'asar ba, don kada ki kwana kina zarya. Kafin ki gan shi, ki samu yarinya ko almajirarki ta riƙe miki ludayi minti goma sau biyu. Abin da za ki ba ta bai kai kuɗin gado na kwana ɗaya a asibiti ba.

Yanzu sai lita 4 ɗin ɗanki. Allah Ya yi masa albarka, so ne ya sa, amma kada ki bi. Ledar ruwa ɗaya mililita 500 ce, lita 4 leda takwas ke nan. Saurayi mai buga ƙwallo a rana zai sha ya fitsarar. Matar da ƙafarta ta taɓa kumbura har aka ba ta maganin fitsari, leda takwas za su iya cika mata huhu ta kasa kwanciya sai a zaune, su kuma tsinka gishirin jininta har ta rikice. Adadin ruwanki a kan tambaya ɗaya ya rataya, amsarta kuma tana cikin fayil ɗinki, a sakamakon hoton zuciya da ake kira eko: shin tsokar zuciyar ta yi rauni, ko kiɗan ne kawai ya ɓaci? Ki tambaya da bakinki, ki sa a rubuta miki adadin a bayan kati. Masu raunin zuciya da ke tara ruwa akan tsayar musu da lita ɗaya da rabi zuwa 2 a yini, wato leda uku zuwa huɗu, a ɗan ƙara a lokacin zafi irin na Fabrairu da Maris. Ki tabbata kin gaya masa a bakin wuta kike aiki, don lissafin mai zama a ofis da fanka ba naki ba ne.

Kuma lissafin ya haɗa da duk abin da ke zuba. Kofin kokon safe yana ciki, haka shayi, fura, burkina, sobolo, romon miya, har kankana. Abin da na fi so ki riƙe shi ne rabawa. Ki juye ruwan yininki a gora guda da safe, ki ajiye ta kusa da kwanon kuɗi inda idonki zai riƙa faɗawa a kanta, ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ƙishirwa tun asuba har azahar, sannan leda uku a jere, shi ne abin da zuciyar nan ta fi ƙi. Wasu ma ruwan ƙanƙara in suka kwankwaɗe shi da sauri shi ke tayar musu da bugun, in kin lura kina cikinsu ki koma na randa.

Mutane sukan ce a duba launin fitsari, in ya yi ja kamar shayi ruwa ya yi kaɗan. Gaskiya ne, sai dai a wurinki da gyara: a awannin da furosemide ke aiki fitsari fari yake fita ko da jiki a bushe yake, don haka na farkon tashi daga barci za ki duba. Jiri in kin miƙe tsaye, bushewar baki, ɗaurewar jijiyar ƙafa, duk alamun bushewa ne. Ma'auni kuwa ya fi su duka gaskiya. Ki sayi ƙaramin sikelin hawa, ki hau kowace safiya bayan kin zagaya, kafin ki ci komai, 'yarki ta rubuta. In kika ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, ki tafi asibiti ko da ranarki ba ta zo ba. Ranar da zazzaɓin cizon sauro ko amai da gudawa suka kama ki, kada ki yi ta shan furosemide da lisinopril a kan busasshen jiki, ƙoda ce ke biya. Ki nemi asibiti a ranar su gaya miki wanda za ki dakatar.

Maganar kwakwa ta fi ta ruwa sarƙaƙiya, kuma ƙanwar maigidanki ba ta yi ƙarya ba, rabin zancen ta ji. Ruwan kwakwa yana da fotashiyam sosai, kofi ɗaya kusan miligiram 600, ayaba matsakaiciya kuma wajen 420. Furosemide yana zubar da fotashiyam, shi ya sa ake cewa a ci ayaba. Amma lisinopril da kike sha aikinsa akasin haka ne, riƙe fotashiyam yake yi a jiki. Magani biyu ke ja-in-ja a cikinki, kuma gwajin jini kaɗai ke nuna wanda ya rinjaya. Ana son ya tsaya tsakanin 3.5 da 5.0. In ya haura da yawa, musamman ga wadda ƙodarta ta fara gajiya, zuciya tana iya tsayawa babu sallama. Saboda haka kwakwa ɗaya jefi-jefi ranar da kika yi zufa sosai babu laifi in gwajinki lafiya yake, amma biyu kullum a matsayin magani, a'a. Wake da kike dafawa, doya, borode wato agade, lemu, tumatir, duk suna ba ki fotashiyam a hankali, gyaɗa da gero kuma magniziyam. Akwai wani gishiri da ake sayarwa a manyan kantuna wai na masu hawan jini, wanda aka musanya wani ɓangarensa da fotashiyam. Ke ba naki ba ne sai likita ya ce.

Maƙwabciyarki kuwa ki gaishe ta, ki ci ganyenki. Abin da ta ji shi ne ganye yana da bitamin K, warfarin kuma ta hanyar danne bitamin K yake tsinka jini. Haka ne. Kontomire wato ganyen gwaza, ayoyo, alayyafo, zogale, kabeji, latas, duk suna da shi. Amma ƙa'idar ita ce a riƙa cin su daidai wa daida, mako bayan mako, a auna maganin a kan abin da kika saba ci. Na taɓa jinyar wata dattijuwa da ta bi irin wannan shawarar ta yi wata uku ba ta taɓa ganye ba, aka rage mata warfarin daidai da haka. Sai aka yi rasuwa a danginsu ta tafi arewa, ta yi kwana goma tana tuwon zafi da ayoyo rana da dare. Da ta dawo aka gwada jininta, lambar ta faɗi ƙasa warwas, kwanaki tana yawo kamar wadda ba ta shan magani. Allah ne Ya tsare. Lambar nan ita ce INR, ga mai AF ana son ta tsakanin 2 da 3. In ta yi ƙasa gudaji, in ta yi sama zubar jini. To in tuwon zafi da ayoyo sau uku a mako kika saba, ki tsaya a kan sau ukun. In za ki sauya, ko za ki yi tafiya, ki faɗa a wurin gwaji. Akwai sababbin magungunan tsinka jini irin su apixaban da rivaroxaban waɗanda ba ruwansu da ganye, ba kuma sa bukatar gwajin INR. Sun fi tsada, kuma ba a ba wanda ƙofar zuciyarsa ta tsuke ko aka sa masa ta ƙarfe. Ki tambaya ko kina cikin waɗanda za su iya sha.

Abin da babu wanda ya ambata miki cikin masu ba ki shawara shi ne gishiri, alhali shi ne ke riƙe ruwa a jiki, shi ke hura hawan jini, hawan jini kuma shi ne babban mai jawo AF. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ke kuma sana'arki a cikinsa take. Ɗanɗana miya sau biyar, lasar shito, gutsuren kifi, kafin rana ta take kin ci rabonki ba ki zauna cin abinci ba. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa da ake sa wa wake, ko da ana ce mata fotash, mafi yawanta sodiyam ce. Ga koobi da momoni, kifayen nan da ake adanawa da gishiri, ga naman tolo mai gishiri, ga kifin gwangwani. Ba zan ce ki lalata abincin sayarwa ba, masu layi ba za su yafe mini ba, ni ma ina cikinsu. Ki ɗebi rabonki na miya tun kafin ki zuba dunƙule da gishiri, ki ƙarasa shi a ƙaramar tukunya da albasa, tafarnuwa, daddawa da barkono. Ɗanɗanawa ki bar wa 'yarki, ko ki taɓa a harshe ki tofar. Koobi in ya zama dole a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan. Mako biyu na farko za ki ji abinci salam, daga baya harshe ya saba.

Goro da ataya da kofi, a nan ina da sassauci fiye da wasu. Binciken shekarun nan bai nuna cewa kofi ɗaya ko biyu a yini yana tayar da AF ga yawancin mutane ba. Ɓarin goro bayan cin abinci, in ba ya tayar miki da bugun zuciya, ki ci abinki. Jikinki za ki saurara. Lemon ƙarin kuzari na gwangwani da samari ke sha, shi kam ki bar shi. Giya na san ba ki sha, amma yawancin ruwan ɗacin kwalba da ake tallarsa a tasha wai yana wanke jini, barasa ce a ciki da saiwoyin da babu wanda ya auna su da warfarin. Haka maganin ciwon gwiwa: diclofenac, ibuprofen da asfirin tare da warfarin suna jawo zubar jini a ciki, farasitamol ya fi aminci. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin Flagyl da Septrin suna harba INR sama cikin 'yan kwanaki. Duk kantin maganin da kika shiga, kalmar farko bayan sallama ta zama "ina shan warfarin". Sobolo da lamurji mai yawan citta, kofi guda lokaci-lokaci, da ƙarancin sukari.

In jikinki yana da nauyi, rage shi magani ne sosai. A 2015 likitocin birnin Adelaide na Ostireliya sun nuna cewa masu AF da suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu ciwon ya lafa musu fiye da sauran. In maigida yana cewa kina minshari har numfashi ya ɗauke, wannan ma ki kai wa likita, yana da alaƙa.

Azumi kuma. Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba mara lafiya rangwame, ya rama in ya warke, wanda ciwonsa ba na warkewa ba ne kuma malamai sun yi bayanin ciyarwa. Ki je asibiti tun saura wata guda, a gwada INR da ƙoda da fotashiyam, sannan ki kai wa malaminku abin da likita ya ce. In zuciyar ta yi rauni har tana tara ruwa, ko ba a daɗe da kwantar da ke ba, akasari shawarar ita ce kada a yi, balle ga mai tsayuwa a bakin wuta a watannin zafi. In an ba ki izini, warfarin sau ɗaya ake sha, ana iya mai da shi bayan buɗa baki a lokaci guda kullum, furosemide kuma likita ya tsara. Ki buɗe da dabino da ruwa kaɗan, ki yi magariba, sannan ki ci a natse. Cika ciki tam da ƙosai da soye-soye da ruwan ƙanƙara a zama ɗaya yana tayar wa mutane da yawa bugu. Ruwanki ki raba shi daga magariba zuwa sahur. Ki sake gwada INR a tsakiyar watan, don abincin azumi ba irin na kullum ba ne. Ranar da kika ji jiri, ko bugun ya ƙi lafawa, ki karya, ba ki yi laifi ba.

Wannan sakin kuma ki sa 'yarki ta karanta wa duk mutanen gidan. In baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya wuce, ba lokacin shafa man zafi ko jiran maigida ya dawo ba ne. Haka ciwon ƙirji, suma, haki a zaune, baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti 10, ko faɗuwa a buga kai. A kira 112, ko a tare mota a nufi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, Gee ɗin nan da kuka sani, da katinki da magungunanki a jaka.

Ranar asibiti ki zuba duk magungunan a leda ki tafi da su, har da na gargajiya in akwai, kada ki ɓoye. Ki haɗa da littafin da 'yarki ke rubuta nauyi, ta ƙara shafi na ranakun da bugun ya tashi da abin da kika ci ko kika sha kafin nan. Ta koyi ƙirga bugun a wuyan hannunki na minti guda cur, don na'urar awon jini ta gida takan yi kuskuren ƙirga wa mai AF. Ki tafi da ɗan naki ma in zai samu dama, ya ji adadin ruwan daga bakin likita, shi zai fi kowa tsare miki gorar. In kin dawo ki aiko mini da abin da aka rubuta a bayan katin, da ƙarfe nawa aka mai da furosemide ɗin.